Robar Famfo da Sunan Innata

Ranar sunan jikana na baya-bayan nan ina zaune a ɗaki na jiyo ɗana Issufu a zaure yana ba baƙi labari, wai ubansa Kafaran shi ya fara shigo da famfo cikin gida a Madarumfa, wai ya hutar da mata, har ya ƙara da cewa iskoki ma sun so su hana abin, Allah bai ba su sa'a ba. Aka kwashe da dariya. Ni kuwa na ajiye furar da nake sha. Shi ya sa na ce da yarinyar da ke rubuta mini tarihin nan ta ajiye maganar da muka soma, mu yi wannan tukuna, don ban san ranar da za a kira ni ba, kuma ba zan shiga kabari in bar ku kuna yawo da ƙarya a baki kuna tsammani gado ne ba. Issufu, kana cikin tsumman goyo aka yi abin, ba ka ga komai ba. Iskokin da kake ba mutane dariya da su kakarka ce, uwata da ta haife ni.

Ubanku, Allah ya jiƙansa, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, bai taɓa barina da yunwa ba, wannan ba zan hana shi ba. Amma mutum ne mai son a gani. Ya dawo daga soja bayan yaƙin Jamus da sunan Kafaran, wato kofur, da wani famfon tagulla naɗe a tsumma a ƙasan akwatinsa. Ya samo tano, wato babbar gangar ƙarfen nan ta man mota, ya sa aka ƙone cikinta aka wanke, maƙeri ya huda ta daga ƙasa, aka ɗaura famfon, aka gina mata dandamali a madafata aka ɗora. Mutane suka yi ta zuwa kallo har daga garin Sarkin Yamma. Ya murɗa, ruwa ya zubo, a yi salati, ya murɗa, ya tsaya, a sake salati. Ba wanda ya taɓa tambayar inda ruwan ke fitowa. To ni na sani, don famfon nan ba shi da rijiya sai wuyana. Ni ke ɗauko tulu daga rijiyar hanyar tabki, in taka kifaffen turmi, in juye ta sama, don shi ya samu abin murɗawa ta ƙasa. Wai ya hutar da mata! Wace mace? Da randa ce, in na zuba na gama, amma wannan sai na hau na sauka kamar mai gyaran rumbu.

Inna kuwa, uwata, mutuniyar wani ƙauye ce a bayan Safo. Su Anna ne, ba ta salla, tana kan abin da ta tarar iyayenta na yi. Ni a hannun goggona na tashi a cikin gari, can na koyi salla, can aka yi mini aure. Da ubana ya rasu, Inna ba ta da ɗa namiji, ni kaɗai ce ɗiyarta da ta rayu, sai na roƙi ubanku ya bari ta dawo wurinmu ta ƙarasa kwanakinta. Ya yarda da bakinsa, har ya sa aka yi mata ɗaki a bayan nawa. Muka tsayar cewa in na haihu za ta zo ta yi mini wankan jego, daga nan ta zauna ke nan. Yayansa Malam Barmo, wanda shi ne babban gida, shi ke riƙe da gonar gandu, sashensa na bakin zaure, bai so ba, amma bai sami abin faɗi ba. Ku gane tun yanzu, abin da ke kan faifai ba ruwa ba ne, wurin da tsohuwa za ta sa haƙarƙarinta ne.

Ta iso jajibirin sunanka, Issufu, da ƙunshinta a ka. Kun san yadda surukuta take a da, ba irin ta yanzu ba da suruki ke zama yana cin tuwo da uwar matarsa. Ubanku bai taɓa kallon fuskar Inna ba. In ya hango ta sai ya durƙusa ya kau da kai, ita kuma ta ja zane ta rufe fuska. Duk maganar da za ta shiga tsakaninsu ta bakina take bi. Da safen suna, Inna ta ɗora babbar tukunyar wanka, ruwa na tafasa yana tsalle, sai ga ubanku a bakin ƙofata.

"Ki gaya wa tsohuwa ta juye ruwan wankan nan cikin tano."

Na ce, "Tafasasshe fa ne."

"Shi nake so. Yau mutane za su ga ruwan zafi na fita daga famfo kamar gidan Bature Kumandan."

Na kai saƙo. Inna ta tsaya da itace a hannu tana kallona.

"Ruwan jego a ganga? Mi ya sami ƙwarya?"

Na ce haka maigidan ya ce. Ta ce, "To, gidansa ne." Ta yi ta kwasa da ƙwarya tana taka turmi tana juyewa, tsohuwa da ita, tururi na dukan fuskarta. Aka shigo da maza har madafa, abin da ba a taɓa yi ba, ya murɗa, ruwa ya fito yana hayaƙi, wani ya sa yatsa ya ƙone ya yi ihu, aka yi ta mamaki. Abin ya yi wa ubanku daɗi, har ya ce kullum haka za a riƙa yi. Ba a daɗe ana yi ba famfo ya fara ɗiga. Tun yana ɗis, can sai ɗis, har ya zama ba ya numfashi. In na cika tano da safe, kafin la'asar ƙasan dandamali ya zama taɓo.

Ubanku ya kwance kan famfon a gabana, ina zaune ina shan kunun kanwa. A ciki akwai wata 'yar roba baƙa, faɗinta kamar anini, da huda a tsakiya, ita ce ke danne bakin ruwa in an murɗa. Ya zaƙulo ta da tsinke, ta yi laushi ta kumbura, gefenta ya yage. Ya juya ta a tafin hannu, ya ce da bakinsa, ina ji da kunnena:

"Zafi ne ya cinye ta. Wagga ta ruwan sanyi ce."

Sai ya waiga ya ga ba kowa, ya wurga ta bayan darni. Ya ce a daina zuba na zafi, bai ce don mi ba.

Daga nan aka shiga neman wadda za ta maye gurbinta, kuma a nan ne na ga taurin kai iri-iri. Ya fara zuwa wurin baduku a kasuwa aka yanko masa fata. Ta riƙe, har ya fara taƙama, sai ruwa ya ɗauki warin jima, ko tuwo aka tuƙa da shi sai ka ji bagaruwa. Ran da tano ya ƙafe da rana fatar ta bushe ta ƙanƙance, da aka sake cikawa ba ɗiga ya yi ba, tsiyaya ya yi. Ya cire, ya ɗauko tsohon takalminsa na taya ya yanko wata. Wannan kuwa tauri gare ta kamar ƙaho, ga zare a ciki, ya yi ta murɗawa da hannu biyu har jijiyar wuyansa ta tashi, ruwa na bi ta gefe abinsa. Na ce da shi, ni da ban je soja ba, ya kwance kan famfon ya sa a aljihu ya hau mota zuwa Maradi, inda kantunan Turawa suke, a gwada masa a kai a ba shi daidai da shi, mai laushi, mai jure zafi. Ya ce shi Kafaran ba zai yi yawo da kan famfo a aljihu kamar yaron maƙeri ba, idonsa ma'auni ne. Sai ya karya sillen kara daidai faɗin da idon nasa ya gaya masa, ya ba wani mai zuwa kasuwar Jibiya. Aka kawo masa roba sabuwa fil, baƙa, mai kyau. Amma ta ƙasar Ingilishi ce, an yi ta don famfon Ingilishi, namu kuwa na Faransa ne, awonsu ba ɗaya ba ne. Ta fi gurbin faɗi da ɗan kaɗan. Maimakon ya haƙura, ya sa aska ya datse gefenta, ta fito kamar ɓera ya ci. Ya tura ta ciki da ƙarfi ya ɗaure. Famfo ya ci gaba da abin da ya saba.

Inna ba ta iya ganin ruwa na zuba a banza. Wanda ya tashi inda ake jan guga gaba ashirin ba ya iyawa. Sai ta tara ƙwarya a ƙarƙashi. A bayan gidanmu akwai wata tsamiya, can take tsinko ganyen da take yi mini wanka da shi, kuma a gindinta ta watsa 'yan ƙwayoyin yakuwa don in sami miya mai tsami. In ƙwarya ta cika sai ta ɗauka ta je ta zuba wa yakuwarta, ta tsinko ganye ta dawo. Abin ke nan, wallahi babu ƙari. Amma tsohuwa ce Ba'anna, ga ƙwarya, ga ruwa, ga gindin tsamiya, ga Malam Barmo yana dawowa daga masallaci ta nan bayan la'asar.

Washegari ya yi sallama ya shigo sashenmu. Bai zauna ba. Ya tsaya a tsakar gida yana magana da ƙanensa, amma da muryar da yake so ta shiga kowane ɗaki.

"Kafaran, tun yaushe famfonka ya fara kuka?"

"Tun bayan suna, Yaya."

"Wa ya shigo gidan nan jajibirin suna?"

Malam ya ci gaba.

"Fata ta ƙi, taya ta ƙi, robar Turawa ta ƙi. Kai da ka ga duniya, ka taɓa ganin ƙarfe ya yi gardama haka? Ba yoyo yake ba, tatsar sa ake yi. Da idona na ga inda ake kai ruwan. Doguwa ake shayarwa a gindin tsamiya da ruwan da muke alwala da shi."

Ina cikin ɗaki kana kan cinyata, na zuba kunne ina jiran ubanku ya yi dariya ya ce haba Yaya, roba ce. Kalma ɗaya ta isa. Na leƙa ta asabari na gan shi yana kallon babban yatsan ƙafarsa. Mai jego ba ta ɗaga murya, ƙanwar miji ma ba ta tanka wa babban wa, balle matar ƙane, amma na tanka.

"Malam, a gafarce ni. Ruwan zafi aka zuba ya narkar da robar ciki. Yakuwa ce a gindin tsamiya, a je a duba. Ka tambayi ƙanenka, shi ya ce a zuba, shi ya ciro robar da hannunsa."

Malam bai ko waigo ba. Ya ce, "Haka ne, Kafaran?"

Ubanku ya ce, "Allah shi ne masani, Yaya."

Allah shi ne masani! Kun ji fa. Lalle Allah masani ne, amma shi ma Kafaran ya sani, ni ma na sani. Mutumin da ya tsallake teku ya tsaya gaban harsashi, ya kasa tsayawa gaban yayansa ya ce ni na dafa famfona da hannuna don a yaba mini, kuma na auna roba da ido na kuskure. Ya gwammace a ce iska ce. In iska ce, famfonsa ba shi da aibi, idonsa ba shi da aibi, ya ma ƙara daraja, tunda har aljannu na kishin kayansa. Aka bar jaki ana dukan taiki. Malam ya yanke cewa in arba'in ta cika tsohuwa ta koma wurin danginta, gidan salla ba ya ɗaukar wannan. Da ya fita, ubanku ya zo bakin ƙofa yana murza hula, wai in gaya mata a hankali, shi kunya ba za ta bar shi ba.

Na ce, "Na kai saƙon ruwan zafi. Wannan kuwa ka nemi wani ɗan aike."

Amma darni ba ya riƙe magana. Inna na bayan ɗaki tana tsince ganye, ta ji komai. Kafin kwana biyu unguwa ta ɗauka. Matan da ke turo ɗiyansu ɗibar wuta a murhunmu suka daina. Wadda ta sha furar Inna jiya tana sa mata albarka, yau in ta hango ta sai ta ja ɗanta ta canza hanya. Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, to wannan ta yi 'ya'ya har da jikoki, ga su nan a zaure. Wata safiya Inna ta yi mini wanka kamar kullum, ta gasa mini jiki sosai, ta dama kunu ta ajiye, sai na ga ta fito da ƙunshinta.

"Inna, arba'in ba ta cika ba."

"Kin yi ƙarfi. Sauran kwanakin matar Malam ta dafa miki, nata ruwan mai tsarki ne."

Na riƙe bakin zanenta ina kuka. Ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya.

"Rakiya, ubanki ya zauna da ni har ya mutu bai taɓa ce mini tafi ba. Ba zan tsaya surukina ya fara ba."

Ta bi masu jakuna da ke komawa wajen Safo. Ubanku na zaure, ya durƙusa ya kau da kai har ta wuce, wai ladabi.

Ta tafi, famfo bai daina ɗiga ba. Ban taɓa jin daɗin ƙarar nan ba sai lokacin. Duk macen da ta shigo sai in ja ta madafa in ce to ga shi, mai iskokin ta tafi, wa ke tatsar sa yanzu? Su ce ai ba a korar iska rana ɗaya. Shi kuwa ubanku na hana shi sakat. Ban zage shi ba, ban ƙi yi masa tuwo ba, amma in na ajiye akushi sai in ce, "Allah shi ne masani," in juya. Da ya gaji, wata safiya ya toshe tano da totuwa, ya kwance kan famfon ya naɗe a tsumma ya sa a aljihu, abin da na faɗa tun farko, ya hau kamyo, babbar motar gujiya, zuwa Maradi. Ya dawo da yamma fuskarsa a sake. Mai kanti ya fito masa da gwangwani cike da robobi manya da ƙanana, suka yi ta gwadawa a kan famfon har aka sami wadda ta zauna daram. Ja ce, mai laushi, an ce ko tafasasshen ruwa ba ya yi mata komai. Ya ɗauko ƙarfen ɗauri zai nufi madafa, sai na sha gabansa.

"Kada ka sa ta."

"Ke da kika hana ni barci a kanta?"

"In ka sa ta yau ya daina, mi mutane za su ce? Za su ce ta tafi ya ƙafe. Ka mayar da tsohuwar robar ya ci gaba da zuba, ni zan ɗauki ruwan, wuyana ne. In na yi arba'in zan je in taho da Inna. Tana zaune a madafa, Malam na tsaye, mata na kallo, ka kwance ka nuna musu ta Jibiya da ka datse, ka sa wagga. Ya daina tana cikin gida. Ba sai ka ce ka yi kuskure ba, ƙarfen zai faɗa maka."

Ya ce, "To, na ji."

Na ce ya ba ni robar in ajiye. Ya ce mace za ta ɓatar. Ya jefa ta a aljihun rigarsa ta soja.

Haka na yi ta ɗaukar ruwa da ɗanyen jiki, ina zubawa ta sama yana fita ta ƙasa, ban yi ƙorafi ba. Da na yi arba'in na goya ka na kama hanya. Na tarar da Inna a gidan ƙanen ubana, an ba ta wata bukka da ake ajiye harawa, rabi ita rabi abincin awaki. Ta karɓe ka ta yi ta juya ka tana cewa ka yi nauyi. Da na faɗi abin da ya kawo ni ta ce a'a, ita ta gama da Madarumfa. Na kwana ina roƙo, na wuni ina roƙo. Na ce ba zama nake roƙonta ba tukuna, sunanta nake so a wanke a gaban waɗanda suka ɓata shi, in ta ga dama bayan nan ta dawo bukkarta. Na ce maigidan ya yi alkawari, robar na aljihunsa, na gan ta da idona. Daga ƙarshe ta ce, "Don ke." Ta ɗaura zanenta mai kyau, baƙin saƙi, muka taso da hantsi. Rana ta buɗe mana a hanya. 'Yar gorar ruwan da muka riƙo ta ƙi sha, ta ce in shanye ni ke shayarwa, ita ta sha in mun isa.

Muka shiga gida wajen azahar. Tun daga zaure na ga abin da ban so ba, Malam a kan buzu yana murmushi. Tsakar gida da mata. Na wuce madafa da sauri. Ƙasan dandamali a bushe ƙayau, an share an watsa sabon yashi, an ɗauke ƙwarya. Na tsaya na kasa kunne. Shiru.

Malam ya biyo mu yana cewa, "Alhamdu lillahi, shekaranjiya ya ƙafe. Mun yi ta addu'a, abin ya bi mai shi."

Na nemi ubanku da ido, na same shi a jikin rumbu. Ya matso ya rage murya.

"Gwadawa kawai na yi in ga ko ta yi daidai. Sai Yaya ya shigo ya gani."

Ban rage tawa ba. Na ce, "To kwance shi. Kwance shi yanzu ka nuna musu jar robar da ka sayo a Maradi. Ka sa ta Jibiya su ga ya zuba, ka mayar da ja su ga ya tsaya. Ga Inna a tsaye, ga Malam, ga mutane. Mi ya rage?"

Malam ya dubi ubanku ya ce, "Wace roba?"

Ubanku ya ce, "Abin da Allah ya gyara, Yaya, ba a sake taɓa shi."

Wallahi da ba ka bayana, Issufu, da na kifar da tanon nan. Na shiga ɗakinsa neman ƙarfen ɗauri in kwance da kaina, ya ɓoye shi. Na fito na ce a tambayi direban kamyo, a tambayi mai kanti, wata ta ce jego ne ya taɓa mini kai. Ya rayu shekaru masu yawa bayan wannan rana, mun haifi sauranku, na yi jinyarsa har ya cika a hannuna, kuma ko sau ɗaya bai buɗe baki ya gyara maganar nan ba. Na yafe masa abubuwa da yawa. Wannan na bar shi da Allah, tunda shi ne masani.

Duk abin nan Inna na tsaye a tsakar gida, ba ta sauke ƙunshinta ba. Malam ya je ya tsaya a ƙofar madafa ya ce, shi a ganinsa adalci ne, tsohuwa ta zauna a inuwa ta huta, baƙo ba a kore shi da rana tsaka, amma kada ta shiga nan. Inna ba ta dube shi ba. Ta leƙa ta gefensa ta kalli busasshen yashin nan, ta daɗe tana kallo, sannan ta kira ni.

"Rakiya, ki bar shi haka. Da ya ci gaba da zuba, ke za ki ci gaba da ɗauka."

Na ce sunanta fa? Ta ce sunan tsohuwa ba ya ciwon wuya. Ta juya ta nufi zaure. Sai a lokacin na tuna ba ta sa komai a bakinta ba tun safe. Na ture Malam, Allah ya gani na ture shi, na fizgi ƙwarya na murɗa famfon na cika, na bi ta da gudu kana kuka a bayana. Na cim mata a ƙofar gida. Leɓenta ya bushe har ya tsage. Na durƙusa na miƙa mata. Ta kalli ruwan, ta kalli matan da suka biyo mu suna leƙe.

"In na sha, gobe ya ɗiga, wa za a ce?"

Na bi ta har bayan gari da ƙwarya a hannu ina roƙo, ruwan na zuba a zanena. Da muka kai inda gonaki suka fara ta tsaya ta ce in koma, rana na dukan yaro. Damina biyu ta ƙara a duniya, a bukkar harawa, ba ta sake taka garin nan ba. Ran nan na tsaya ina kallon baƙin zanenta har karan dawa ya rufe ta. Ta zo gida ɗaya tilo mai famfo a Madarumfa, gidan ɗiyarta, ta koma da ƙishirwarta.